Makaranta a Gida: Shawara ga Iyayen da Ke Tunanin Koya wa 'Ya'yansu da Kansu

Karatun Littafi Mai Tsarki: Maimaitawar Shari'a 6:4-9, Luka 14:28-30, 2 Timoti 1:3-7

Ayar haddacewa: Karin Magana 22:6

Manufar darasi: Mu gane nauyin da Allah ya ɗora wa iyaye game da koyar da 'ya'yansu, mu kuma san abubuwan da ya kamata a auna kafin a cire yaro daga makaranta.

Gabatarwa

 

Wata ranar Lahadi bayan mun tashi daga sujada a nan Kanvili, wani ɗan'uwa da matarsa suka tsaya har jama'a suka watse. Shi gyaran babur yake yi, ita kuwa tana sayar da kayan miya a kasuwar Aboabo. 'Ya'yansu uku ne. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Baba Fasto, mun zo neman shawara. Muna so mu cire yaranmu daga makaranta, mu koya musu a gida."

Na tambaye su dalili. Uwargidan ce ta amsa, idonta cike da hawaye. Ta ce babbar 'yarsu tana aji huɗu, amma ba ta iya karanta layi ɗaya ba tare da tuntuɓe ba. Ajin ya cika maƙil, yara uku a kan benci ɗaya, malamin kuma ba ya iya duba littafin kowa. Ɗansu na biyu ya fara dawowa gida da ashar ɗin da bai taɓa ji a bakinsu ba. Maigidan ya ciro wayarsa ya nuna mini bidiyon wani iyali Kirista a Amurka, yara sun kewaye tebur, uwarsu tana koya musu, littattafai jere a bango. Ya ce, "Baba Fasto, ba wannan ne Littafi Mai Tsarki ya ce mu yi ba?"

Ban ba su amsa a ranar ba. Na ce su ba ni mako biyu in yi addu'a, in kuma bincika. Tun daga lokacin na ji wannan tambaya a bakin wasu iyaye, shi ya sa na ga ya dace mu yi nazarinta tare. Damuwar waɗannan iyaye ta gaskiya ce, kada kowa ya raina ta. Amma abin da za a yanke zai bi yaron har tsufansa, don haka ba abin yi da gaggawa ba ne.

Na ɗaya: Wa Allah ya ɗora wa nauyin?

A cikin Maimaitawar Shari'a sura 6, Musa yana magana da Isra'ilawa kafin su haye Urdun. Ka lura da wanda ya ba aikin koya wa yara maganar Allah. Iyaye ya ba, ko da yake akwai firistoci da Lawiyawa a cikin jama'ar. Ya kuma ambaci lokatai huɗu na yini: lokacin zama a gida, lokacin tafiya a hanya, lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Wannan koyarwa ce da ke tafiya tare da rayuwa, a kan babur, a bakin murhu, a gona. Manzo Bulus ya sake ɗora wannan kaya a kan ubanni a Afisawa 6:4. Timoti kuwa, ko da yake mahaifinsa Bahelene ne, ya san Nassi tun yana ƙarami ta bakin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki.

Ashe ɗan'uwanmu mai gyaran babur yana da gaskiya a nan. Babu malamin makaranta, babu malamin makarantar Lahadi, babu fasto da zai tsaya a gaban Allah a madadinka game da ɗanka. Kai ne za ka ba da lissafi.

Amma bari mu ci gaba da karatu, kada mu tsaya a rabi. Musa da kansa ya sha nonon mahaifiyarsa, daga baya aka kai shi gidan Fir'auna, inda aka koya masa dukan ilimin Masarawa, kamar yadda Istifanas ya faɗa a Ayyukan Manzanni 7:22. Daniyel da abokansa uku sun yi shekara 3 suna koyon harshe da littattafan Babila a hannun mutanen da ba su san Allah ba, suka fito sun fi kowa, bangaskiyarsu kuma ba ta girgiza ba. Bulus ya yi karatu a ƙarƙashin Gamaliyel. A wani gefen kuma, dubi Hofni da Finehas, 'ya'yan Eli. A Shilo suka girma, a ƙofar wurin sujada, nesa da makarantar arna, duk da haka suka lalace domin mahaifinsu bai tsawata musu yadda ya kamata ba. A wannan gida ɗaya ne kuma Sama'ila ya girma ya zama annabi.

Me muka koya? Littafi Mai Tsarki ya umarci kowane gida ya zama wurin koyarwa. Bai kafa doka cewa lissafi da Turanci da kimiyya dole sai a ɗakin uwa za a koye su ba. Koyarwar gida wajibi ce a kan kowa. Cire yaro daga makaranta kuwa shawara ce da kowane iyali zai auna bisa ga halinsa. Idan muka haɗa waɗannan biyu muka mai da su abu ɗaya, za mu ɗora wa 'yan'uwa laifin da Allah bai ɗora musu ba.

Na biyu: Daga ina wannan hanya ta fito?

Koyar da yara a gida tsohon abu ne. Susanna Wesley ta garin Epworth na ƙasar Ingila, wadda ta rayu daga 1669 zuwa 1742, ta haifi 'ya'ya 19, kusan rabinsu suka rasu suna jarirai. Waɗanda suka rayu ta koya musu da kanta. Yaro yakan fara karatu idan ya cika shekara 5. Awa 6 suke yi kowace rana, uku da safe, uku da yamma. Ta kafa doka cewa ba za a koya wa yarinya ɗinki ba sai ta iya karatu sosai. Ta kuma keɓe wa kowane yaro lokacinsa a mako domin su yi hira su biyu game da ransa. Daga wannan gida John da Charles Wesley suka fito, waɗanda Allah ya mora wajen kafa ikilisiyar Methodist da muke gani har a ƙasarmu Ghana. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. John yana wajen shekara 10 aka aika shi makarantar kwana ta Charterhouse a Landan, daga can ya tafi jami'ar Oxford. Uwar ta kafa tushe, wasu suka ɗora gini.

Irin wanda muke gani a waya yau ya taso ne a Amurka daga shekarun 1970, ta wurin rubuce-rubucen mutane kamar John Holt da Raymond Moore. Iyaye sun yi shekaru suna shari'a da hukumomi kafin a yarda da shi a dukan jihohi 50 a 1993. A 2016 yara wajen miliyan 1.7 ne suke karatu a gida a can, wato kimanin 3 cikin 100 na yaran da suka isa makaranta. Ka ga ko a Amurka ma 'yan kaɗan ne. Yawancinsu kuma suna da abin da bidiyo ba ya nunawa: ɗaya daga cikin iyaye ya bar aiki ya zauna a gida, akwai ɗakin karatu na gari da ake aron littafi kyauta, akwai ƙungiyoyin iyaye masu taimakon juna.

Ƙasashe ma ba bakinsu ɗaya ba. A Afirka ta Kudu dokar makarantu ta 1996 ta yarda, da sharaɗin a yi wa yaron rajista a wurin hukuma. A Jamus an hana, har akwai iyayen da suka bar ƙasar saboda haka. Saboda wannan, abin da ya yi wa wani daidai a ƙasarsa sai mun auna shi da mudun namu gari.

Na uku: Yadda abin yake a ƙasarmu

Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce ilimin farko kyauta ne, kuma dole ne ga kowane yaro. Dokar Yara ta 1998 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin ɗansu ya sami ilimi. Tun daga 2008 ilimin farko shekara 11 ne: 2 a ajin share fage da muke kira KG, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. A ƙarshensa yaro zai rubuta jarrabawar BECE wadda hukumar WAEC take shiryawa. Makaranta ce take yi wa ɗalibanta rajista, kuma kashi 30 cikin 100 na makin yana fitowa ne daga aikin aji da makarantar ta tara ta aika. Da sakamakon wannan jarrabawa ne kwamfuta take raba yara zuwa manyan sakandare, tsarin da aka fara a 2005. Tun Satumba 2017 kuma aka fara karatun babbar sakandare kyauta. Akwai BECE ta masu zaman kansu tun 2015, amma tana da nata sharuɗɗa da nata lokaci.

Iyaye, ku riƙe wannan da kyau. Ƙofar babbar sakandare, da ta kwalejin malamai ta Bagabaga, da ta jami'ar UDS da ke nan garinmu, duk ta BECE ake bi a kai gare su. Wanda ya cire ɗansa ba tare da ya san ta inda yaron zai koma layi ba, yana iya rufe masa ƙofar da shi kansa ba zai iya buɗewa ba. Romawa 13 ta koya mana biyayya ga hukuma. Kirista ba ya ɓoye ɗansa daga doka. Kafin ka ɗauki kowane mataki, je ofishin ilimi na Sagnarigu ko na Tamale, ka faɗi nufinka a fili, ka ji abin da za su ce maka.

Akwai kuma wani abu da dole in faɗa, ko da ba daɗin ji. A nan arewa mun daɗe da sanin yaron da aka ajiye a gida. Mun san yarinyar da aka hana makaranta domin ta yi reno, ta ɗebo ruwa, ta ɗauki talla, daga baya aka gan ta a Kumasi ko Accra tana dakon kaya a ka. Mun san yaron da aka cire lokacin damina domin gona, bai sake komawa ba. Iyayenmu a cikin bangaskiya sun sha wahala kafin su shawo kan jama'a su kai yara makaranta, musamman 'yan mata. Kada mu ɗauki tsohuwar cuta mu sa mata sabon suna.

Na huɗu: Mun riga mun gwada, a 2020

A ranar 16 ga Maris 2020 aka rufe dukan makarantun ƙasar nan saboda cutar korona. Yaran firamare ba su koma aji ba sai Janairu 2021. Wajen wata 10 ke nan kowane gida a Kanvili ya zama makaranta, ko ya so ko bai so ba. Gwamnati ta sa darussa a rediyo da talabijin domin yara su bi daga gida.

Ɗan'uwa, tambayi kanka tsakaninka da Allah: a cikin watannin nan, kwana nawa ka zauna da ɗanka da littafi? Ni zan fara faɗin nawa. A makon farko na rubuta jadawali na manna a bango. Mun bi shi kwana tara. Daga nan aka yi rasuwa, na tafi ta'aziyya, sai famfo ya ɗauke aka aiki yara neman ruwa, sai wani abu kuma ya taso. Da aka buɗe makaranta takardar tana nan a bango ta yi ƙura, ƙaramin ɗana kuwa ya manta rabin abin da ya sani. Ni ne fasto, ina da takardar makarantar Littafi Mai Tsarki, amma ban iya riƙe awa biyu a rana ba. Na kuma san gidaje kaɗan da yaransu suka koma makaranta sun fi yadda suka bari. Bambancin bai zo daga kuɗi ba. A gidajen nan akwai babba guda da ya zauna kowace rana, a lokaci ɗaya, bai fasa ba.

Na biyar: Zauna ka yi lissafi

A Luka 14 Ubangiji ya yi misali da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya ƙididdige abin da ginin zai ci, don kada ya kafa tushe ya kasa gamawa. Ginin bulo idan ya tsaya ana iya ci gaba bayan shekara biyar. Shekarun yaro kuwa ba sa jira. Ga tambayoyi biyar da miji da mata za su amsa tare.

1. Mene ne ainihin dalilinmu? Idan tsoro ne kawai, ku tuna 2 Timoti 1:7 ta nuna ruhun da Allah ya ba mu ba na tsoro ba ne. Ashar da mugun hali ba a makaranta kaɗai suke ba. Suna kan titi, suna cikin wayar da ke aljihunka, wani lokaci suna cikin gidanka. Kada a guje wa gara a faɗa wa zago.

2. Wa zai koyar, a wane lokaci? A faɗi sunansa. Idan uwa tana fita kasuwa da asuba, uba yana shago har magariba, wa zai zauna da yaran daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu? Idan amsar ita ce babbar yarinya za ta kula da ƙannenta, to an riga an cire ta daga karatu.

3. Mai koyarwar ya iya abin da zai koyar? Koya wa ɗan shekara 6 baƙaƙe da ƙidaya abu ne da uwa mai karatun sakandare za ta iya. Lissafi da kimiyya da kwamfuta na ƙaramar sakandare wani abu ne dabam. Faɗin gaskiya a nan tawali'u ne.

4. Aljihunmu zai ɗauka? Za a rasa cinikin wanda ya zauna a gida. Za a sayi littattafai. A makarantun da shirin ciyar da yara ya kai, wanda aka fara a 2005, yaron zai rasa abincin rana ma.

5. Da wa yaron zai yi cuɗanya? Luka 2:52 ta nuna Yesu ya yi girma ta fuska huɗu: hikima, jiki, zumunci da Allah, da zama da mutane. A garin nan mu Kirista kaɗan ne a tsakiyar maƙwabtanmu Dagwamba, waɗanda yawancinsu Musulmi ne. A makaranta ne ɗanka yake koyon harshen Dagbani da kyau, yake samun abokan da zai zauna da su har tsufa, suke kuma ganin halin Almasihu a cikinsa. Yaron da bai taɓa jin tambaya game da bangaskiyarsa ba sai ya kai shekara 18, ranar da ya ji za ta girgiza shi.

Na shida: Idan lissafi ya nuna a koyar a gida

Akwai lokacin da hakan ne daidai. Na san yarinya mai ciwon sikila wadda hunturu yake kwantar da ita makonni. Kakarta tsohuwar malama ce da ta yi ritaya. Suka yi magana da shugaban makarantar, kakar ta koya mata a gida shekara guda, tana zuwa rubuta jarrabawar ƙarshen zango tare da 'yan ajinta, da ta sami ƙarfi ta koma. Akwai kuma yaron da ake cin zalinsa har ya daina barci, da iyalin da aikin bishara ya kai su ƙauyen da babu makaranta kusa. Kada ikilisiya ta hukunta irin waɗannan iyaye. Ta taimake su. Ga abin da zan ba su shawara:

A sanar da hukumar ilimi, a kuma riƙe zumunci da wata makaranta da za ta riƙa gwada yaron kowane zango.

A bi manhajar ƙasa. An kawo sabuwa ta KG da firamare a Satumba 2019, a sayi littattafan da hukumar NaCCA ta amince da su. Manhajar da aka sauko da ita daga intanet ta wata ƙasa za ta koya wa ɗanka tarihin Amurka, alhali BECE za ta tambaye shi na Ghana.

A sa lokaci tabbatacce, a kiyaye shi kamar lokacin sujada. A cikin waɗannan awoyi ba aike, ba talla, ba ɗebo ruwa.

A rubuta abin da aka koya kowace rana a littafi guda, a adana aikin yaron.

A haɗa kai da wasu iyalai, wannan ya koyar da lissafi, wancan Turanci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A sa wa'adi. Bayan zango ɗaya a kira malami daga waje ya gwada yaron. Idan yana baya, a mai da shi makaranta ba tare da jin kunya ba. Girman kan uba bai kai darajar makomar ɗansa ba.

Na bakwai: Idan lissafi ya nuna a bar su a makaranta

Yawancinmu a nan za mu tsaya, kuma ba kasawa ba ce. Amma kada mu koma gida mu naɗe hannu. Yaro yana makaranta daga safe zuwa wajen ƙarfe biyu ko uku. Sauran yinin, da Asabar, da Lahadi, da dukan hutu, a hannunka yake.

Mu ɗauki darasi daga abin da ya faru a ƙasarmu ta arewa. A 1995 aka fara shirin School for Life, mai hedkwata a Tamale, domin yara 'yan shekara 8 zuwa 14 da ba su shiga makaranta ba. Masu koyarwar 'yan sa kai ne da jama'ar ƙauye suka zaɓa daga cikinsu. Ana karatun da rana bayan yara sun gama aikin gida da na gona, cikin harshen uwa, na wata 9 kawai. A cikin wannan ɗan lokaci yara suna iya karatu da rubutu da lissafi, da yawa kuma suka shiga firamare suka ci gaba. Abin ya yi kyau har gwamnati ta ɗauki tsarin ta faɗaɗa shi daga 2013. Idan ɗan sa kai a ƙarƙashin itace ya iya wannan, uwa da uba da fitila guda za su iya koya wa ɗansu karatu da dare, da harshen da yake ji.

Mu dubi maƙwabtanmu kuma. Sun daɗe suna fama da irin wannan tambaya, suna tsoron kada boko ya raba yaransu da addini. Ba su tsaya a kan hana yara ba. Sun kafa makarantun da ake koyar da Turanci da Larabci tare, har gwamnati ta buɗe sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi a 1987. Yaron da ya taso daga boko kuma yakan ɗauki allonsa da yamma ko ranar Asabar. Mu fa? Awa ɗaya ta makarantar Lahadi muke ba yaranmu a mako, wani lokaci ma mukan kawo su a makare, sa'an nan mu ɗora wa makarantar gwamnati laifi.

Ga abin da kowane gida zai iya farawa a makon nan. A keɓe awa ɗaya bayan abincin dare, a kashe talabijin, a ajiye waya. A yi waƙa da addu'a, yaro ya karanta 'yan ayoyi da ƙarfi, a tambaye shi abin da ya gane. Sa'an nan a buɗe jakarsa a duba aikin ranar. Ko ba ka yi boko ba, ka ce ya karanta maka ya fassara. Ka san sunan malaminsa, ka je taron iyaye da malamai, ka yi magana a kan benci da cunkoson aji, domin zuwa da kai ya fi aike. Ikilisiya kuma ta buɗe ɗakin sujada da yamma kwana biyu ko uku a mako, malamai da ɗaliban sakandare da ke cikinmu su taimaki ƙanana, har da yaran maƙwabta idan iyayensu sun yarda.

Kammalawa

Bayan mako biyu ɗan'uwan nan da matarsa suka dawo, muka bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Da muka kai ta biyu sai suka dubi juna suka yi shiru. Can uwargidan ta ce, "Maigida, idan na bar kasuwa me za mu ci?" Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Fasto, gaskiya ban taɓa buɗe jakar yarinyar nan ba."

Suka bar yaran a makaranta. Shi ya fara rufe shago da wuri, ko da yake lokacin ne masu babur suka fi kawo gyara, kuma ya ji a aljihunsa. Ya je ya gaisa da malamin 'yarsa, aka matso da ita benci na gaba, a nan ne ma aka gane ba ta ganin allo sosai daga baya. Kowane dare suna zama su biyar a kan tabarma. Ashar ɗin yaron bai tafi rana ɗaya ba, har yanzu suna fama. Amma kafin shekara ta zagayo, wata Lahadi da aka ba yara sujada, yarinyar nan ce ta tsaya a gaba ta karanta mana Zabura 23 daga farko har ƙarshe. Mahaifinta yana zaune a baya, da baƙin mai a farcensa, yana share ido.

Ya ƙaunataccen mai karatu, ko ɗanka yana zuwa makaranta ko yana karatu a gida, Allah zai tambaye ka abin da ka koya masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Fara yau da dare.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Bisa ga Maimaitawar Shari'a 6:4-9, a waɗanne lokatai na yini kake magana da 'ya'yanka game da Allah?
2. Me ya bambanta Daniyel da 'ya'yan Eli, ko da yake shi ne ya girma a tsakiyar arna?
3. Me watannin da aka rufe makarantu a 2020 suka nuna maka game da gidanka?
4. Ta yaya za mu gane bambanci tsakanin yaron da ake koya wa a gida da wanda aka ajiye domin aiki?
5. Wane taimako ikilisiyarku za ta iya ba yaran unguwa da yamma, wa kuma zai fara?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin 'ya'yan da ka ba mu amana. Ka gafarta mana inda muka miƙa wa wasu aikin da ka ba mu. Ka ba iyayen da ke cikin wannan shawara hikima, ka kawar musu da tsoro da girman kai. Ka albarkaci malaman makarantunmu, ka ƙarfafa su cikin aikinsu mai nauyi. Ka sa gidajenmu su zama wurin da yara za su san ka, su kuma zama albarka ga garinmu da ƙasarmu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.